Lemon da Ka Aje a Zaure

Ƙofar Durbi, Katsina,
ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga maigidana Abba, mai sunan Malam, angon da bai taɓa sayo mani ko goron ɗaurawa a bakin zane ba.

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina gajiya, yaya zafin nan, yaya shirin tafiya, yaya kuma ƙarin haƙurinmu. Ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya, kodayake na san lafiyarka lau, don na ga abin da ka yi wa tuwon jiya. Allah Ya tsare mani kai a gida da daji, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kai ka Legas lafiya, Ya haɗa ka da abokan zama na kirki.

Za ka ce mi ya sami tsohuwar nan, ga ɗakinta ga ɗakina, ta zamna tana rubuto mani takarda. Dalili shi ne duk sa'ad da na buɗe baki zan yi maka maganar nan, sai wayarka ta yi ƙara ka fice da sauri. Na daɗe ina zargin wayar nan ba kowa ke kiranta ba, kai ke latsa ta cikin aljihu. Tau takarda ba a latsa ta. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, kuma malamar da ta koya mana ta fi ba da ƙarfi wajen saƙa. Ban ba ƙannenka su rubuta mani ba, don kafin su kai rabi maganar ta kai Ƙofar Soro.

Ka gaya wa kowa Lahadi za ka tafi. Ban yarda ba. Mai tafiya Lahadi ba ya amso kayanshi wurin mai guga tun Laraba. Kuma Hanne matar Isuhu mai acaba, waɗanda ke zamne a ɗakinmu na waje, ta zo aron turmi ta ce mijinta zai kai ka tasha Asabar da sassafe, wai ka ce kada ya faɗa wa kowa. Ya kau riƙe amana, bai faɗa wa kowa ba sai matarshi. Na zamna na auna, na ce mi zai sa mutum ya sace kwana guda daga cikin kwanakinshi? Sai na tuna ranar Asabar da yamma ne uwarka ta ce za ta tasa ka gaba zuwa Ƙofar Guga ka yi sallama da Baffanka Sani. Wannan sallamar kake gudu. So kake ka sulale, in ka isa ka bugo waya ka ce mota ce ta samu ba shiri.

Tau zamna mu yi ta, ni da kai.

Na san abin da ke cikinka. Ranar da babanka ya rasu kana makaranta a Zariya. Baffanka, ƙanen babanka ciki ɗaya, ya kira ka ya ce jikin ya tashi. Can kuma ya sake kira ya ce an samu sauƙi, ka kwana, ka taho da safe a hankali. Alhali a lokacin an riga an rufe mashi ido, kuma kafin magariba an kai shi. Washegari ka sauka daga acaba da ledar lemo a hannu, ka sayo wa mara lafiya, ka iske tabarmi shimfiɗe a ƙofar gida da mutane jere. Ta ƙofar zaure na hango ka. Ka tsaya kana duban fuskoki ɗaya ɗaya, sannan ka aje ledar bisa dakalin zaure a hankali, kamar mai aje ƙwai. Tun daga ranar ba ka ƙara haɗa ido da Sani ba. In ya shigo ka fita. In ya miƙo hannu ka ba shi kan yatsu. Shekara ta zagayo har ta wuce.

Ba zan ce maka bai yi zafi ba. Ni na haifi wanda aka binne. Ɗan fari ne, tun da na haife shi ban taɓa kiran sunanshi ba, kuma ko ranar kunya ba ta bar ni na yi kuka gaban mutane ba, sai na riƙa shiga madafa ina cewa hayaƙi ne. Don haka kada ka ɗauka wadda ba ta san ciwon ba ce ke maka wa'azi. Amma Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinshi sai da maratayinshi. Mutuwa ta yi aikinta ta tafi, ka rasa inda za ka kama ta, sai ka kama wanda ta bar wa ɗawainiya.

Kai kana cewa da ya yi kaza, da ya yi kaza. Ni ce sarauniyar masu wannan magana, na riga ka shiga sana'ar da shekaru masu yawa. Bari in ba ka labarin ribar da na ci.

Ina amarya a gidan nan muna da maƙwabciya, Tabawa, katanga ɗaya ta raba mu. Sai muka ji ta yaye ɗanta tun bai fara tsayuwa ba, ta aika da shi ƙauye wurin uwarta. A zamaninmu wannan abin kunya ne ƙwarai. Mace takan shayar har yaro ya iya zuwa da ƙafarshi ya ɗaga zane da kanshi. Wadda ta yaye da wuri kau an san abin da ake cewa, ta ƙagara ta koma ɗakin miji. Ni kuma lokacin bakina ya fi reza. A gidan wani biki, mata cike, Tabawa ta tashi za ta tafi tun ba a raba abinci ba, na ce, "Ku ba ta hanya, Mai Sauri ce, komai nata ba ya jira." Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Na ji daɗi ranar, na koma gida ina ganin ba wanda ya kai ni iya magana. Suna ya bi ta. Yara ma in an aike su sai su ce gidan Mai Sauri.

Wata rana na shiga gidanta aron rariya, na yi sallama ba a amsa ba, na zagaya bayan ɗaki. Na iske ta durƙushe, ta sauke zane zuwa ƙugu, tana gasa ƙirjinta da tsumma da ruwan zafi. Abin da na gani ba zan rubuta maka ba, kai namiji ne. Ɗaya ya zama gyambo, ɗayan ya ƙafe. Ungozoma ta ce kada yaron ya sha, asibiti ma haka suka ce. In kuma yana jin ƙanshin uwarshi ba ya amsar koko, sai kuka har ya shiɗe, shi ya sa aka nisanta shi. Na juya zan gudu, ta ɗago kai ta ce, "A'a Yalwa, ina za ki? Ke da kika iya raɗa suna, zo ki raɗa wa wannan."

Abba, Tabawa ta warke, ta tsufa, ta je Makka ta dawo, aka koma ce mata Hajiya Mai Sauri. Jikokinta har yau suna tsammanin don ta iya aiki da hanzari ne. Na nemi gafararta ta yafe, amma sunan bai ji an yafe ba. Abin da nake so ka ɗauka a nan: in ka ga mutum mai hankali ya yi abin da kai kake ganin ko yaro ba zai yi ba, ka fara zargin idonka kafin ka zargi hankalinshi. Akwai bayan ɗakin da ba ka zagaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo, na waje rufin kawai yake gani.

Kada kuma ka ce kakarka ta ce ka yarda da duk wanda ya ce maka ba yadda zai yi. Allah Ya kiyaye! Ni da ko mai nono ban yarda da ita ba sai na tsoma yatsa. An ce aikin da ka samu na duba aikin magina ne, tau shirya kunnenka, za ka sha "ba yadda zan yi" safe da yamma, kuma fiye da rabi ƙarya ce. Akwai wani tela a bakin layinmu da ya riƙe mani atamfa har Sallah ta wuce. Na je ya ce, "Wallahi Inna ba yadda zan yi, ba wuta." Na leƙa na ga keken nashi na ƙafa ne. Na ce, "Ɗan nan, a ƙafar taka aka ɗauke wutar?" Ga yadda nake rarrabe su. Maƙaryaci yana da bayani a shirye, mai tsawo, mai daɗin ji, kuma kowa ya zo zai karanta mashi shi ba a tambaye shi ba. Wanda da gaske ƙofofi suka rufe mashi ba shi da labari. In ka matsa mashi sai ya dubi ƙasa, kuma in ka lura rigarshi ta fara yi mashi yawa. Yanzu gaya mani, a cikin watannin nan sau nawa Sani ya tare ka da bayani? Ka kuma dubi wuyan rigarshi in kun haɗu.

Za ka ce ai na koyi hankali tun daga kan Tabawa. Ina! Hali zanen dutse. Da furfurata na sake. Sa'ad da su Isuhu suka taso daga ƙauyensu na yamma suka zo neman wurin zama, da kaka ne, gero ya nuna. Na ji an ce ya baro gonarshi tsaye bai girbe ba, ya zo birni ya amshi babur yana acaba. Na ce a raina wannan rago ne, birni yake so, ya samu dalili. Ban bar ta a rai ba kau. Ina tsintar wake da Hanne a tsakar gida na ce, "Ni dai ban taɓa ganin manomin da ya sha wahalar damina ba, sannan ya bar wa tsuntsu. Ko kwana kaɗan ai ya tsaya ya yanke." Yarinyar nan ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Inna, an aiko mana daga daji cewa a gonar nan ɗaya za a girbe, ko geron ko Isuhu. Maƙwabcinmu ya tsaya yankan nashi." Na jira ta ida maganar, ba ta ida ba. Ta ci gaba da tsintar wake. Ni ma na ci gaba, amma duwatsun nake zubawa cikin na kirki.

Ka gani, ni ina zamne a Ƙofar Durbi cikin katanga ina ba shi zaɓi na ukku, wai ya yanke da sauri ya gudo. Zaɓin nan a bakina kawai yake, a gonar babu shi. Yawancin dabarun da muke ba mutane bayan abu ya wuce haka suke, sai an gama ruwa muke fitowa da laima.

Yanzu ga wadda ba ka sani ba. Ni ma na yi fushi da Sani, kuma nawa ya fi naka iya tafiya, don ni uwa ce. Ɓoye maka da ya yi ban ga laifinshi ba, haka muka tashi muka iske ana yi, ba a jefa wa na nesa mutuwa a kunne yana shirin hawa hanya. Hasali ma da hannuna a ciki. Ranar ya bi ƙannenka da sauran 'yan matan gidan ya amshe wayoyinsu kaf, don kada wata ta saka hoton babanka ka gani, ya zuba cikin kwano ya kawo mani. Na tura ƙarƙashin zane na zamna bisa kamar kaza bisa ƙwai, suna ta kuka a ƙarƙashina. In laifi ne, tau ga kazar, ka fara da ita.

Abin da ya tsaya mani shi ne gaggawar. Mi ya hana a kwana, ka iso da safe ka sallaci ubanka? Na ce halin Sani ne, tun yana yaro ba ya jiran tuwo ya huce. Har na zargi ko so yake ya nuna yanzu shi ne babba a gidan. Ya zo gaishe ni in ce "lafiya" in juya mashi ƙeya. Bayan an yi arba'in na ce ya shigo ya ja ƙofa.

Na ce, "Sani, mi ya sa ka yi wa yaron nan ƙarya?"

Ya ce, "Inna, kiran farko ban yi ƙarya duka ba, na ce jikin ya tashi. Sai ya ce ga shi nan zai tafi tasha yanzu. Na dubi rana, na san inda duhu zai iske shi. Kin san hanyar Funtuwa a lokacin, direban kirki ba ya tasowa da yamma, sai masu ganganci. Shi kuma ko bayan tirela ne hawa zai yi."

Na ce, "Sai ka ce mashi an rasu, amma ya haƙura sai da safe."

Ya ce, "Abba? Jikanki?"

Gaskiyarshi, don na san wanda ka gado.

Ya ce, "Ƙarya ce na yi, ina neman gafarar Allah a kanta. Amma gara ya daina gaishe ni da in haƙa biyu a mako guda."

Na ce, "Na ji. Tau kwanan fa? Wa ya kore ka? Da ka bari sai da safe."

Nan ya daɗe yana murza hularshi. Sannan ya ce, "Inna, ke ba ki shiga ɗakin ba bayan azahar. Kin san yadda ciwon ya kumbura shi, ga bazara, ga ba wuta. Mai wanka ya ja ni gefe ya ce wannan bawan Allah ba mai kwana ba ne, in ana son a rufa mashi asiri a yi yanzu."

Na ce, "Ɗakin sanyi na asibiti fa?"

Ya ce, "A gabanki Yaya ya kama hannuna ya ce ko mi za a yi kada in bari a sa shi cikin firij kamar kifi. Kin yi dariya ranar, kin ce wa zai saya."

Haka ne kau, na faɗa. Bakin nan nawa.

Na ce, "Tau mi ya hana ka zamnar da yaron ka gaya mashi duk wannan?"

Ya ce, "In ce mashi mi? In siffanta mashi yadda ubanshi ya koma? Ya bar shi da fuskar da ya sani. Ni na gani, ya isa."

Ya roƙe ni kada in faɗa maka. Na ce tau. Ga shi na faɗa, kuma ban ji kunya ba, don ni ban kama hannun kowa na yi alkawari ba, "tau" kawai na ce, kuma kowa a Katsina ya san nauyin "tau" ɗina.

Ka lura, Abba, ban ce Sani ya yi daidai ba. Ƙarya ƙarya ce, kuma an raba ka da sallar ubanka, wannan ba mai mayar maka da ita. Abin da na ce shi ne ka nuna mani daidai ɗin da ya gani ya tsallake. Na juya maganar nan ta kowace fuska kamar mai suyar waina, ni da nake neman laifinshi da gangan, kowane gefe na juya a ƙone yake. Wata rana ba a ba mutum zaɓi tsakanin mai kyau da mummuna, sai a jera mashi munana a ce ɗauki, kuma yanzu, mutane na jira a waje. In kai ka samo wadda ni ban gani ba, zo ka faɗa mani, wallahi ni zan riga ka zuwa Ƙofar Guga da taɓarya.

Kuma ina zargin ba kai kaɗai ka dafa fushin nan ba, akwai mai hura maka wuta. Na ga yadda Alhaji Garba na gidan kan kwana ke jan ka gefe bayan sallar la'asar. Na san waƙar, don ni ma ya rera mani: "Da an gaya mani ai da na tura mota ta ɗauko yaron nan. Da ni ne, da ba a yi haka ba." Tau tambaye shi ina yake ranar. Yana cikin zauren nan, ina jin muryarshi ta bayan labule. Sani ya ce, "Jama'a, mi kuka gani?" Alhaji Garba ya ce, "Ai duk yadda kuka yi daidai ne," ya fita amsa waya, irin wayar nan taka. Motar da zai tura kau tun kafin azumi take bisa duwatsu a ƙofar gidanshi, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Ka ji tsoron mutumin da shawararshi ba ta nuna sai bayan kwana ukku. A Legas za ka iske irinshi da yawa, wasu da manyan riguna, wasu da takardu. In mutum ya ce maka "da ni ne," ka tambaye shi a hankali, "Ranar kana ina?"

Yanzu ga abin da ya sa ban bari ka tafi da fushinka ka huce a can ba, yadda uwarka ta ce a yi. Ka taɓa zuwa kabarin babanka? Ba ka taɓa ba. Na sani, don ba ka san inda yake ba, kuma girman kai ya hana ka tambayar wanda ya sani. Kaburburanmu ba a rubuta suna, tudun ƙasa ne cikin tudun ƙasa, kuma tun daga ranar an ƙara maƙwabta da yawa ta kowane gefe. Waɗanda suka raka shi sun watsa ƙasa sun tafi, ka tambaye su yau sai su nuna maka yanki guda da hannu su ce wajen nan ne. Ni mace ce, ban taɓa taka maƙabarta ba, sai ranar da za a kai ni, kuma ranar ba zan iya nuna wa kowa komai ba. Mutum ɗaya ne ya san wurin daidai. Duk Juma'a da safe yana zuwa, ya cire ciyawa, in ruwa ya zaftare ya ƙara ƙasa. Ya kafa wuyan tulu a wajen kai don alama.

Kuma idon Sani yana tafiya. Ba ya so a sani, amma ni ba a ɓoye mani. Ran nan ya shigo ya gaida randa yana tsammanin ni ce zamne. Na ce, "Ta amsa?" Ya yi dariya, ni ban yi ba. Sukari ne ya taɓa idon. Ga damina ta ƙarato, kai kuma an ce sai ka shekara biyu ba ka samu hutun kirki ba. Ka lissafa da kanka, kai ne mai boko. Ranar da za ka huce ka dawo ka ce a nuna maka, wataƙila mai nunawar yana nan amma ba ya gani, wuyan tulun kuma ruwa ya tafi da shi. Sannan 'ya'yanka su tambaye ka ina kakansu yake, ka nuna masu yanki guda da hannu.

Ban ce ka ba shi haƙuri ba. Ban ce ka ce ya kyauta ba. Riƙe fushinka in kana so, sa shi cikin aljihu tare da wayar, ba ya hana tafiya. Gobe Juma'a. Yana fitowa daga gida da hantsi, kuma titin bakin Ƙofar Guga yanzu ya fi ƙarfinshi, yakan daɗe tsaye yana sauraren babura kafin ya yi shahada ya tsallaka. Je ka tsaya gefenshi ka kama mashi hannu, hannu duka, ba kan yatsu ba. Ba sai ka ce komai ba, shi ma ba gwanin magana ba ne. Ku je ka ga wurin da idonka, ka dubi itacen da ke kusa, ka dubi katanga, ka riƙe. Ka yi wa ubanka addu'ar da aka raba ka da ita. In kun dawo ka ga har yanzu ba ka son ganinshi, tau ka tafi Asabar ɗinka, ni zan tare uwarka.

Saura maganar lemo. Ka taɓa tambayar inda ledar nan ta shiga? Kwana biyu tana bisa dakali, kowa ya zo wucewa sai ya kauce mata kamar maciji. Rana ta ukku na aika aka ɗauko mani. Na rufe ɗaki na zamna na ɓare su ɗaya bayan ɗaya na shanye tas. A nan na yi kukan da ban yi ba, ina sha ina kuka, ina kiran sunan yaron nan a bakina karo na farko tun da na haife shi. Kuma don Allah ka ji, lemon da zaƙi. Ashe ka iya zaɓe. Na ce wannan jikan nawa rowa ce kawai ke damunshi, ba rashin ido ba.

Tau na ci bashin mara lafiya, yau na biya. Na aiki Hanne ta sayo wasu, suna nan cikin leda a daidai inda ka aje waɗancan. Wanda ka sayo wa na farko ba ya bukata yanzu. Ƙanenshi na da rai, kuma likita ya ce guda ɗaya ba zai yi mashi komai ba. Gobe in na leƙa zaure da hantsi na ga ledar, na san amsarka, ba sai wayarka ta yi ƙara ba.

Allah Ya jiƙan babanka, Ya haskaka makwancinshi, Ya jiƙan Malam da ka ci sunanshi ba ka ci haƙurinshi ba. Allah Ya kai ka lafiya Ya dawo mani da kai lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ruwa da sharrin masu daɗin baki. Allah kada Ya jera maka munana Ya ce ka ɗauka. In kuma Ya jarrabe ka da haka, Ya ba ka wanda zai tambaye ka kafin ya raɗa maka suna. Ka riƙe salla, ka ci abinci, kada ka dawo mani da wata Hausa da ba tamu ba. In ka samu wadda ta fi ni a can, ka kawo ta in tsoma yatsa.

Dakalin yana hannun dama in za ka fita, kada ka ce ba ka gani ba.

Wassalam.

Taka har kullum,
matarka tsohuwa,
Inna Yalwa.